Turke Huɗu da Igiya

A bayan takardar kuɗin wuta na zana ta,
da biron da jikata ta tauna wa murfi.
Layi huɗu ne, ɗaya ya karkace,
na ce to, nan ne gangaren ruwa.

Shekara talatin da biyar ina shaƙar alli a aji,
kuɗin sallama ya yi shekara uku a hanya,
ya iso a rame, kamar saniyar da aka koro da ƙafa.
Na ce ba Makka, na je. Ba mota, ina za ni?
Inuwa nake so.

Tsakar gidana a Ɗorayi,
daga hantsi zuwa la'asar, kaskon suya ne.
Ko ƙadangare da sanɗa yake ƙetarawa.

Tasi'u mai walda ya zo ranar Talata,
fensir a bayan kunne, abin awo a aljihu.
Daga bakin madafa zuwa gindin rijiya, ƙafa goma sha takwas.
Ya ce kwano bandir ɗaya da rabi,
ƙarfe shida na tsaye, kusa, fenti,
kuma Hajiya, a sa sili,
kwano tsirara a bazara tanda ne.

Laraba na je Ƙofar Ruwa na taya.
Na ce bari in kwana da shawara.
Alhamis na koma, mai shago ya ce ai dala ta tashi.
Na ce yaro, Dalar da na sani
tana nan zaune inda kakanninmu suka bar ta,
daga ƙofar shagonka ma ana hango ta.
Ya yi dariya. Bai rage ko sisi ba.

Malam Ɗayyabu ya leƙo ta kan katanga:
indararonki kada ya kalli bangona,
na ƙasa ne, kuma Agusta ba ta da kunya.
Na ce maƙwabci ai ya riga ɗan'uwa jin kuka,
ruwana zai bi ta kwata da ladabi.

Ɗana Mubashshir ya turo hotuna ta waya,
tayil mai sheƙi, fitilu jere kamar gidan biki.
Na ce wa zai goge?
Daɓen siminti ya ishi tabarma.

Sai Tasi'u ya tsaya a gaban gwaiba,
ya sosa ƙeya.
Hajiya, wannan fa tana tsakiya. Sai an sare.

Na yi shiru.
A gwangwanin madara Malam ya kawo ta,
ɗaure a bayan keke, ganye uku.
Yakan zuba mata ragowar ruwan alwala,
yana ce mata yi haƙuri, famfo bai zo ba.
Bai ci 'ya'yanta ba sai sau biyu.

Na ce huda kwanon, ka bar mata ƙofa.
Ya ce ruwa zai zubo.
Na ce ya zubo, ita ma tana sha.
Ya ce aikin zai ƙara tsada.
Na ce me ya rage bai ƙara ba?

Yau wata biyu ke nan.
Ƙarfe huɗu na jingine a zaure, biyu na hannun Allah.
A tsakar gida turke huɗu ne kawai
da farar igiya da ta zagaye su.
Amma da rana ta juya nakan shimfiɗa tabarma a ciki,
in zauna ina tsinke zogale,
ina kallon sama ta inda rufi zai kasance.

Jiya Barira ta taho a guje za ta tsallake igiyar.
Na ce ke, tsaya.
Ba a shiga ɗakin mutane ta bango.
Ta zagaya, ta yi sallama,
ta cire takalmi.